TSADAR KAYAN GYARAN MOTA MAI JA DA ƘAFA HUƊU

Ko wane manomi da gonarsa ta yi nisa da kwalta ya san ranar mota mai ja da ƙafa huɗu. Sa'ad da ruwan Agusta ya kwaɓe hanyar fadama, ko kuwa da rani rairayi ya hana ƙananan motoci wucewa, ba mai shiga ya fito da albasa da tumatir da buhunan masara sai ita. Direbobin Nijeriya su kan ce mata mai ogzilari, mutanen Jamhuriyar Nijar kuwa su ce kat-kat. To, amma duk mai irin motan nan, ko a bisa dutsen Mambila ya ke ko a Agadas, kukansa ɗaya ne, watau tsadar kayan gyara. Ya shiga kasuwa tare da mai ƙaramar mota, su nemi abu iri ɗaya, wancan ya biya ya karɓi canji, shi kuwa ya juye aljihunsa duka bai kai ba.

Kada wanda ba shi da mota ya ce wannan ba ruwansa. Mai mota ba ya haɗiye hasara shi kaɗai. In ya sayi faifan kuloci da tsada yau, gobe ya ƙara kuɗin dakon buhu, ɗan kasuwa kuma ya rage abin da zai taya wa manomi a bakin gona don ya fanshe. In kuwa mota ta kwana goma a gareji don an rasa kuɗin wani ɗan ƙarfe, tumatirin da aka tsinke ba ya jiran kowa. Saboda haka ya kamata a rarrabe tsadan nan, a san wadda ta ke da dalili, da wadda ta ke cin rashin sanin mai saye ne kawai.

Abin mamaki, asalin motan nan ta manoma ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Bature, Maurice Wilks, babban mai tsara motoci a kamfanin Rover na Ingila, yana da gona a tsibirin Anglesey, yana aiki cikinta da wata Jeep ta Amurka, ragowar yaƙi. Shi da wansa Spencer, wanda ke riƙe da kamfanin, suka yi shawara su ƙera irinta. Aka nuna Land Rover ta fari a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948, kuɗinta fam 450. Da sanholo aka yi jikinta domin ƙarfe ya yi wuya a lokacin, aka kuma yi mata wurin ɗaura bel ta juya injunan gona. Toyota ta fito da tata a 1951, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Hilux kuwa ta fito a 1968, amma sai a 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu.

Da tafiya ta yi tafiya sai masu sayenta suka sake. Tun da Range Rover ta fito a 1970 attajirai suka gane irin motan nan ta kan yi kyau a ƙofar gida ko da ba ta taɓa ganin laka ba. Ga gwamnatoci, ga ƙungiyoyin agaji, ga masu haƙar ma'adinai, ga soja. A yaƙin Cadi da Libiya na 1987 da a-kori-kurar Toyota sojan Cadi suka fatattaki masu tankoki, har Turawa suka sa wa yaƙin sunan motar. Da aka sami zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, duk mai Hilux ko Land Cruiser a ƙasar Agadas ya zama abin nema. Waɗannan duka masu babban aljihu ne, ko kuwa masu gaggawar da ba ta barin mutum ya tsaya ciniki. Da su manomi ke haɗa layi a gaban kanti, mai kanti kuwa da mai ƙarfin cikinsu ya ke auna kuɗin kayansa.

TSADAR DA KE DA DALILI

Sai dai a faɗi gaskiya, wani kashi na tsadar ba laifin kowa ba ne. Ƙaramar mota ƙafa biyu ke janta, biyu suna bi. Wannan kuwa bayan giyabos tana da wani ƙaramin giyabos na biyu mai raba ƙarfin inji gaba da baya, tana da farfela biyu, da aksul biyu masu haƙora, da gaɓoɓi a ƙafafun gaba waɗanda ke juyawa suna kuma karkata in direba ya murɗa sitiyari. Ko wane ɗayansu yana da boris da robar tare mai, masu ci su ƙare. An kuma yi ta don ɗaukar kaya wajen tan guda a mugunyar hanya, saboda haka sufirin ɗinta da birkinta da tayoyinta sun fi na ƙaramar mota girma da cin ƙarfe. Har wa yau, abin da aka ƙera dubu goma ba ya yin araha kamar wanda aka ƙera miliyan. Haƙoran aksul na gaba ba su da masu saye kamar filogin Corolla, su kan shekara a kan kanta, kuɗin ɗan kasuwa na kwance.

Injunan man gas na zamani sun ƙara wa abin nauyi. Tsohon injin Land Cruiser da a ke kira 1HZ, mai lita 4.2, wanda aka fara yi a 1990, ba shi da kwamfuta, makanikai sun san cikinsa da bayansa. Sababbin kuwa suna tura mai da ƙarfin da ya fi matsin iskar duniya sau 1,500, ta waɗansu ƙofofi ƙanana kamar silin gashi. Nozul irin wannan ba a ƙera shi a maƙera, in an sake shi ma sau da yawa sai an gaya wa kwamfutar motar lambarsa.

Sa'an nan ga maganar kuɗin waje. Kusan duk kayan nan daga ƙetare su ke zuwa, daga Japan da Tailan da Sin da Ingila, da yawa ta hannun 'yan kasuwar Dubai, da dala kuma a ke biya. A watan Mayu na 2023 dala guda tana wajen naira 460 a hannun gwamnati, wajen 750 a hannun 'yan canji. Cikin Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata kuɗi, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura 1,500. Watau ƙarfen dala 100 da ɗan kasuwa ya kan sayo a kan naira 75,000, cikin wata tara ya koma 150,000 ko fiye, tun ba a sa kuɗin jirgi ba, da na fito, da harajin saye na 7.5 cikin ɗari, da kuɗin babbar mota daga Apapa zuwa Kano, wanda shi ma ya hau. Mutanen Nijar ba su sha wannan ba, gama sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai. Su tasu masifar hanya ce: bayan juyin mulkin Yuli na 2023 aka rufe iyaka da Benin, kayan da a da ke bi ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso.

Ko a nan ma akwai abin dubawa. Ran da dala ta tashi, mai kanti ya kan ƙara wa kayan da ya sayo tun bara, ya ce da sabon kuɗi zai mayar da su. Wannan hujja ce, ba mai musu. Amma da ta sauko wajen 1,100 a watan Afrilu na 2024, sai magana ta juya, aka ce ai kayan tsohon saye ne masu tsada. Hujja biyu ke nan, ko wace mai kyau, sai dai ba su kan zauna a baki ɗaya ba in da gaskiya a ke ciniki.

WANDA YA HAU YA SHIGA HANNU

Ran da mutum ya je sayen mota yana da zaɓi. In Toyota ta yi masa tsada ya duba Nissan ko Mitsubishi ko Isuzu, don haka tilas kamfanoni su sassauta wa juna. Amma da ya biya ya hau, zaɓi ya ƙare. Fitilar Hilux ba ta zama a fuskar Navara, ƙaramin giyabos na Pajero ba ya shiga Prado. Shekara goma ko ashirin zai yi yana komawa wurin mai irin ƙarfen motarsa, kamfanonin kuwa sun san haka sarai.

A 2018 kamfanin labarai na Reuters ya ba da labarin wani shirin kwamfuta mai suna Partneo, na kamfanin Accenture, wanda waɗansu masu ƙera motoci suka yi aiki da shi, cikinsu har da Jaguar Land Rover da Renault da Peugeot. Aikinsa shi ne ya dubi ko wane kayan gyara, girmansa da nauyinsa da kyaun ganinsa, ya kintaci iyakar abin da mai mota zai iya biya bai yi gardama ba. Ba a tambayar nawa aka kashe wajen ƙera shi, sai dai nawa ido zai ɗauka ya kai. Labarin ya ce ta wannan hanya kamfanonin sun ƙara samun fiye da dala miliyan 1,000 cikin shekara goma. Su dai sun ce ba su karya doka ba, hukumar kula da gasar ciniki ta Faransa kuma ta duba ba ta ga dalilin buɗe babban bincike ba a lokacin. Ko da shi ke haka, wanda ya taɓa mamakin yadda ɗan murfin roba mai ƙyalli ya fi ƙarfe mai aiki tsada, to ga amsa.

Akwai kuma waɗanda aka kama dumu-dumu. A watan Janairu na 2012 kamfanoni biyu na Japan, Yazaki mai yin wayoyin mota da Denso mai yin kayan wuta, suka amsa laifin haɗa baki a kan farashi a Amurka, aka ci na farko tarar dala miliyan 470, na biyu miliyan 78. A watan Maris na 2014 Tarayyar Turai ta ci masu ƙera boris tarar yuro miliyan 953, cikinsu da SKF na Suwidin da Schaeffler na Jamus da NSK da NTN na Japan, domin sun yi shekara bakwai, daga 2004 zuwa 2011, suna shirya farashi a tsakaninsu. Gaskiya ne kamfanonin mota suka cuta kai tsaye, ba masu saye ɗai-ɗai ba. Amma ruwan da ya faɗo a kan rufi, ai ta indararo ya ke sauka a kan na ƙasa.

Maganin wannan ciwo guda ne, watau a bar waɗansu su ma su ƙera. An yi shari'a a kan haka a Ingila. Kamfanin British Leyland, wanda Land Rover ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya kai ƙarar wani kamfani mai suna Armstrong don yana yin salansar motarsa Marina ba da izni ba. A 1986 babbar kotun Ingila ta ba Armstrong gaskiya, ta ce wanda ya sayar wa mutum mota ba shi da ikon toshe masa hanyar gyara ta. Shaidar amfanin gasa kuwa ga ta a jikin tsohuwar Land Rover kanta. An daina ƙera ta a watan Janairu na 2016, amma kamfanoni masu zaman kansu irin su Britpart suna yin kusan ko wane ƙarfe nata, shi ya sa tsofaffinta suka ƙi mutuwa a ƙasashe da yawa. Afirka ta Kudu ta fito da ƙa'ida ran 1 ga Yuli, 2021, cewa mai sabuwar mota yana iya kai ta garejin da ya so, ya sa kayan da ba na kamfani ba, ba tare da garantinsa duka ya faɗi ba. Ostareliya, inda a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu ke cikin motocin da aka fi saye, ta tilasta wa kamfanoni tun daga 1 ga Yuli, 2022, su sayar wa ƙananan gareji bayanin gyaran motocinsu. A Nijeriya dokar gasa da kare mai saye ta 2018 ta hana haɗa baki a kan farashi, ta kuma hana tsadar da zaluncinta ya fito fili, akwai hukuma a Abuja mai karɓar ƙara. Amma doka ba ta bin mutum cikin rumfa.

A CIKIN RUMFA

A nan ne mai mota zai iya taimakon kansa, gama yawancin kuɗin da ke zubewa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, ko kasuwar Nnewi, rashin sanin abu uku ne ke zubar da shi.

Na farko, kamfanin da sunansa ke goshin mota ba shi ke ƙera dukan abin da ke cikinta ba. Filogi da kayan wuta na Toyota da yawa aikin Denso ne, wanda ya balle daga Toyota ya tsaya da ƙafarsa a 1949. Famfon ruwa da kuloci da yawa na Aisin ne, boris na Koyo ko NSK. Tsohuwar Land Rover ma kayan wutarta na Lucas ne, birkinta na Girling. Waɗannan kamfanoni su kan sayar da kaya ga Toyota a sa a kwalinta, su kuma sayar da irinsa a nasu kwali. Sau da yawa ƙarfe ɗaya ne, ma'aikata ɗaya, bambancin kwali ne da kuɗi. Wanda ya kwance tsohon famfon ruwansa ya goge shi, mai yiwuwa ya ga sunan mai ƙera shi a jiki. In ya nemi wannan suna ya sami mai kyau, bai biya kuɗin tambari ba.

Na biyu, sunan mota shi kansa kuɗi ne. Mutum ya tsaya a bakin rumfa ya ce yana neman matatar mai ta Prado, tun bai rufe baki ba an riga an auna rigarsa. Alhali kuwa injin fetur mai lita 2.7 da a ke kira 2TR yana cikin Prado, yana cikin Hilux, yana kuma cikin bas ɗin Hiace da ke jigilar fasinja kullum. Injin 1HZ na Land Cruiser shi ne a cikin waɗansu bas-bas na Coaster. Ba dukan kayansu ke shiga juna ba, amma da yawa suna shiga, mai kanti ya sani, direban bas ya sani, mai jif ne kaɗai bai sani ba. Abin da ke raba gardama lamba ce. Ko wane kayan Toyota yana da lamba mai gurbi goma, biyar, ɗan layi, biyar. Kusan ko wace mota ta zamani kuma tana da lambar shasi mai gurbi 17, wadda da ita a ke gane ainihin kayan da suka dace da ita, yaro mai waya ma ya iya binciko su a intanet. Wanda ya zo da lamba rubuce a takarda, ciniki ya ke yi a kan ƙarfe. Wanda ya zo da sunan mota, a kan kansa a ke ciniki.

Boris ya fi kowa nuna wannan. Lambobinsa na duniya ne, ba na wata mota ba. Wanda a ke kira 6203, ramin tsakiyarsa milimita 17 ne, faɗinsa 40, kaurinsa 12, ko a altanetar jif ya ke ko a injin ban ruwa na fadama. Mai sayar da kayan injin niƙa yana da shi, ba kuwa zai tambayi wace mota ba. Sai dai a lura da haruffan da ke bin lambar, gama su ke nuna ko rufaffe ne ko buɗaɗɗe, da irin sakin da ke cikinsa. Haka fanbel, tsawonsa da yawan layukansa suna rubuce a bayansa.

Na uku shi ne la'ada. Al'ada ce sananniya mai mota ya ba makanike kuɗi ya je ya sayo, mai kanti kuma ya ɗan ware wa makanike nasa don ya komo gobe, a rubuta rasit yadda aka shirya. Ba duk makanikai ke haka ba, waɗansu ma rowar mai mota ce ta koya musu, domin wanda ya wuni ƙarƙashin mota aka sallame shi da abin da bai kai kuɗin tuwo ba, zai nemi hakkinsa ta wata ƙofa. Gara a biya shi ladan aikinsa cikakke a fili, a tafi kasuwa tare, ko a taya a rumfa uku ta waya kafin a fitar da ko kwabo.

Mai karatu zai ce, to ai sai a bi mai araha. A'a. A ƙasan nan tsada ba ta shaidar kyau, araha kuwa ta kan zama tarko. Akwai kayan da aka ƙera a fili da sunan wani ƙaramin kamfani, na Taiwan ko Sin ko Indiya ko Nnewi, an faɗi ko na wane ne, kuɗinsa daidai ƙarfinsa. Wannan ciniki ne na halal, ya kuwa isa ga abin da ba ya kisa, kamar madubi da fitila da hannun ƙofa. Akwai kuma jabu, wanda aka sa wa kwalin Toyota da tambarinta a ka sayar da kuɗin na asali, shi ne mugun, gama an biya tsada an kuma sami banza. Matatar mai ta jabu ba ta tare ƙura, sai ta bari ta wuce ta cinye nozul huɗu, kuɗin da zai sayi matata ta gaske shekara da shekaru. Birki, da gaɓoɓin sitiyari, da boris na ƙafa, da bel ɗin da ke cikin inji, waɗannan ba wurin tsimi ba ne ga motar da ke saukowa gangaren Mambila da buhu goma da mutane a sama. Kayan Beljiyam, watau na kwance daga motocin Turai da Japan, su kan fi sabon jabu nesa ba kusa ba, musamman manyan ƙarafa kamar aksul da giyabos. Amma a yi sharaɗi gaban shaida cewa in an ɗaura bai yi ba za a mayar, a kuma ƙidaya haƙora, domin in na gaba da na baya ba su zo ɗaya ba, ran da aka sa ogzilari ranan nan wani abu zai karye.

KAYAN ƘAWA

Wani wurin da kuɗi ke tafiya ba a ji ba shi ne kayan ƙari: katon bamban ƙarfe na gaba, da kariya ta bisa, da bututun shaƙar iska da a ke miƙawa gefen gilashi, da injin jan mota mai igiyar ƙarfe, da jerin fitilu, da faffaɗan taya. Cibiyar sana'an nan Ostareliya ce, inda mota kan yi karo da dabbar nan kangaru a daji da dare. Kamfanin ARB, wanda ya fi suna, a Melbourne aka kafa shi a 1975. Kayansa masu kyau ne, amma yawancin masu sayensu mutane ne da ke fita daji don shaƙatawa ran hutu, da aljihunsu aka yanka farashi. Manomi ya tambayi kansa ko wane aiki abin zai yi masa. Bamban ƙarfe da injin ja tare nauyinsu ya kan kusan kai buhun masara, watau ko wace tafiya an rage buhu guda, ko kuwa an ɗora wa sufirin da boris na gaba abin da ya fi ƙarfinsu. Faffaɗan taya ta fi shan mai, ta fi cin gaɓoɓi. Kariya da ƙarafan bodi kuwa mai walda na gari ya iya yin su da kyau a kan kaɗan daga kuɗin na waje. Bamba ne kaɗai a ke jin tsoro: in motar mai jakar iska ce, ƙarfen da aka ƙera da ka ya kan sa jakar ta fashe ba lokacinta ba, ko ta makara. Bututun iska yana da amfani ga mai bin ayari cikin ƙura ko mai ƙetare rafi, amma ba ya mai da mota kwalekwale.

Akawun ƙungiyar manoma ko na ofis mai kula da motoci shi ma yana da nasa aiki. Kada ya karɓi takardar da ta ce “kayan birki” kawai. A rubuta lambar kaya, da sunan mai ƙera shi, da ko sabo ne ko na kwance, a kuma kawo tsohon a ajiye a sito. Ƙungiyar da ke da mota uku ko huɗu iri ɗaya, in ta sayi matata da takalmin birki da fanbel a kwali tun kafin kaka, ta tsere wa ranar da mota ke tsaye da kaya a bisa, yaron mota ya zo rumfa yana haki, mai kanti kuwa ya ga hakin.

Ƙarafan da suka fi tsada duka, watau ƙaramin giyabos da aksul na gaba, yawanci ba tsufa ke kashe su ba. A Hilux da Land Cruiser a-kori-kura, in an sa ogzilari ƙafafun gaba da na baya a ɗaure su ke, tilas su juya daidai. Amma in mota ta sha kwana, na gaba sun fi na baya yin tafiya. A laka ko rairayi taya ta kan ɗan zame, bambancin ya fita. A kan kwalta ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin haƙora da farfela har ɗaya ya ba da kai. Saboda haka da an hau busasshiyar hanya a cire, in ta ƙi fita a ɗan ja da baya. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya. In kuma an ƙetare ruwan da ya kai cibiyar taya, washegari a kwance noti a dubi man aksul, gama aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi ya kan zuƙi ruwa ta ƙofar numfashinsa. In man ya yi fari kamar kunu, a zubar a sake tun ba a ɗora kaya ba.